Yadda Za Ka Tace Batsa Daga Wayoyin Gidanka Ba Tare Da Ka Toshe Ilimi Ba

Duk lokacin da wani bidiyon banza ya zagaya wayoyin Katsina, kiran da ake yi ɗaya ne: gwamnati ta rufe TikTok, hukuma ta toshe intanet. Damuwar iyaye gaskiya ce. Sai dai mutanen jihar nan sun ɗanɗani abin da rufewa daga sama take jawowa. A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya, Batsari, Safana, Ƙanƙara, Funtuwa da Malumfashi, sai a Disamba aka fara dawo da su. Mai POS ya zauna babu ciniki, ɗalibi ya rasa hanyar rajista, wanda aka kai wa hari da dare ya rasa yadda zai nemi ɗauki. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a wannan tsakanin ne matasa da yawa suka koyi amfani da VPN, wato manhajar da yau take tsallake duk wata katangar da uba zai gina a rautar gidansa. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Yulin 2022 cewa dakatarwar ta saɓa wa doka.

Tacewar da take aiki ita ce wadda makullinta yake hannun iyaye, wadda aka auna ta a kan batsa kaɗai, wadda kuma za a iya buɗewa idan ta kama abin da bai kamata ba. Kyauta ce, kuma yini ɗaya ya isa a gama ta a gida mai waya biyar ko shida.

Fara da ƙidayar na'urori

Rubuta duk abin da yake shiga intanet a gidan. Mutane kan tuna wayar yaro su manta da ta uwargida, alhali ita ce take yini a hannun ƙananan yara da sunan kallon katun ko sauraron karatu. Haɗa da tsohuwar wayar da aka jefa a durowa, talabijin mai intanet, kwamfutar makaranta, da ƙaramar waya mai madannai idan tana ɗaukar memori. A kowace wayar Android shiga "Settings", sannan "About phone", ka duba lambar Android ɗin. Daga 9 zuwa sama mataki na gaba zai yi aiki kai tsaye.

Matatar DNS a kan waya

Idan ka rubuta sunan shafi, wayarka ba ta san inda yake ba sai ta tambaya, kamar baƙon da ya shigo Ƙofar Marusa yana neman kwatancen wani gida. Wanda take tambaya shi ne DNS. Akwai kamfanonin da DNS ɗinsu ba ya ba da kwatancen shafukan batsa, to su za ka sa wayar ta riƙa tambaya.

Shiga "Settings", ka rubuta "Private DNS" a wurin bincike na sama. Wannan ya fi sauƙi, domin Tecno, Infinix, itel da Samsung kowace da inda ta ɓoye shi. Zaɓi "Private DNS provider hostname", ka rubuta ɗaya daga cikin waɗannan daidai harafi da harafi:

family-filter-dns.cleanbrowsing.org
family.adguard-dns.com
family.cloudflare-dns.com

Ba ɗaya suke ba. Na CleanBrowsing ya fi tsanani: yana toshe shafukan batsa, yana tilasta wa Google da YouTube ɓoye sakamakon da bai dace ba, yana kuma toshe shafukan VPN da dandamalin da suka haɗa mai kyau da maras kyau irin su Reddit. Shi ya fi dacewa da wayar ɗan firamare ko ƙaramar sakandare. Na AdGuard yana ƙarawa da toshe tallace-tallace, abin da yake da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin yara da yawa ba nema suke yi ba, talla ce take faɗo musu a shafukan sauke waƙa da kallon ƙwallo kyauta. Na Cloudflare ya fi sassauci, yana toshe shafukan batsa da masu cutar da waya, amma ba ya taɓa sakamakon binciken Google, don haka hotuna za su iya fitowa a can. Ya dace da babban ɗalibi ko wayar manya.

Idan ka kuskure harafi ɗaya, wayar za ta nuna alamar netwok amma babu abin da zai buɗe. Kada ka zargi layinka, koma ka duba rubutun. Haka kuma wasu wayfay na makarantu da otal masu shafin shiga ba sa buɗewa sai an kashe wannan saitin na ɗan lokaci.

Gwada aikinka. Idan na Cloudflare ka sa, buɗe nudity.testcategory.com, shafin gwaji ne da babu komai a cikinsa. Idan ya ƙi buɗewa, matatar ta kama. Idan na CleanBrowsing ko AdGuard ne, shiga saitin "SafeSearch" na Google, za ka tarar an kulle shi.

Raunin wannan mataki a fili yake: wanda ya san inda ka shiga zai iya kashe shi cikin daƙiƙa goma. Saboda haka kulle "Settings" ɗin kansa da "App Lock", wanda yawancin wayoyin Tecno da Infinix suke zuwa da shi. Lambar kada ta zama shekarar haihuwarka, ko ƙarshen lambar wayarka, ko wadda kake buɗe taka wayar da ita a gaban yara.

A iPhone hanyar daban ce. Shiga "Screen Time", ka sa lambar sirri mai lamba huɗu wadda ba ta buɗe wayar ba, ka kunna "Content & Privacy Restrictions", ka nemo "Web Content", ka zaɓi "Limit Adult Websites". A nan ne kuma za ka iya hana sauke sababbin manhajoji.

Rauta da MiFi

Ga mai shagon kwamfuta, ko shugaban makarantar da take da ɗakin kwamfuta don shirin JAMB, ko gidan da yake da wayfay, saiti ɗaya a rauta ya wadatar da duk wanda ya hau. Juya na'urar, adireshin shiga yana rubuce a ƙasanta ko a ƙarƙashin batir, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Rubuta shi a burauza, ka shiga, ka nemi DNS a ƙarƙashin "DHCP" ko "WAN". Gurabe biyu ne. Na CleanBrowsing: 185.228.168.168 da 185.228.169.168. Na Cloudflare: 1.1.1.3 da 1.0.0.3. Na OpenDNS: 208.67.222.123 da 208.67.220.123.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a sa matata a gurbi na farko, a bar 8.8.8.8 na Google a na biyu wai don kada intanet ta yanke. Na'ura tana iya tambayar kowane daga cikin biyun, don haka shafin da ya toshu da safe zai buɗe da yamma, kai kuma kana can kana ganin ka gama aiki. Dole gurabe biyun su zama na kamfani ɗaya. Idan rautar tana da IPv6, wato sabon tsarin adireshin intanet, a kunne, ko dai ka kashe shi, ko ka cike nasa guraben. Na Cloudflare su ne 2606:4700:4700::1113 da 2606:4700:4700::1003. Kuskure na biyu shi ne barin kalmar sirrin rautar a "admin" yadda ta zo daga kamfani. Canza ta, ka kuma ajiye na'urar inda hannu ba ya kaiwa, domin akwai ɗan rami a bayanta da ake sokawa da allura komai ya koma yadda yake a da.

Wasu MiFi, wato ƙananan rautocin aljihu, na kamfanonin layi ba su da gurbin canza DNS sam. A irin wannan hali sai ka saita kowace na'ura ɗai-ɗai, ko ka sayi rauta ta daban ka jona. A kwamfutar shago ko ta makaranta, buɗe wa masu amfani asusun "Standard", ka riƙe na "Administrator" a wurinka, in ba haka ba kowa zai iya goge abin da ka sa.

Ka tuna matatar rauta tana ƙarewa ne a inda wayfay ya ƙare. Yaro ya kunna datar layinsa, ya fita daga ƙarƙashinta. Shi ya sa saitin kan waya ya fi muhimmanci a garin da kusan kowa da data yake hawa.

Ramukan da ake bi a tsallake

Opera Mini tana ɗauko shafuka ta kan kwamfutocin kamfaninta domin rage cin data, saboda haka matatarka ba ta ganin shafin da aka nema. Duk burauzar da take da VPN a cikinta haka take. Chrome ma tana da "Use secure DNS" a saitinta na tsaro, wanda idan aka zaɓa mata wani kamfani a ciki za ta daina bin naka. Mafita ita ce a bar burauza ɗaya tak a wayar yaro, a cire sauran ko a dakatar da su, har da waɗanda suka zo da wayar irin su Phoenix, sannan a hana sauke sababbi.

Wannan hanin aikin Family Link ne, manhajar Google ta kyauta. Sauke ta a wayarka, ka buɗe wa yaron asusu da ainihin shekarar haihuwarsa, ka shiga da shi a tasa wayar. A nan yawancin iyaye suke cin tuntuɓe, domin asusun da yake kan wayar mai shagon da ya sayar da ita ne ya buɗe shi, ya sa shekarun babban mutum don ya gama da wuri. Google kuwa da abin da aka rubuta yake aiki. Wanda bai kai shekara 13 ba, buɗe masa sabo ta cikin Family Link. Wanda ya haura, sai ya amince daga wayarsa kafin a ɗora kulawar, don haka zama za ku yi ku yi magana.

Idan ta zauna, saita abubuwa huɗu: kowace manhaja sai da amincewarka, Chrome a kan "Try to block explicit sites", hana saka manhaja daga wajen Play Store, domin ta Xender ake tura VPN daga waya zuwa waya, da hana ƙara sabon mai amfani, domin asusun baƙo yakan zo babu kulawa. Sa lokacin da wayar za ta kulle kanta da dare, misali daga ƙarfe tara da rabi zuwa bayan asuba. Kira yana shiga ko tana kulle.

Abin da matata ba ta gani

DNS yana ganin sunan shafi ne kawai, ba ya ganin abin da yake ciki. Ko dai ya toshe X, wato tsohuwar Twitter, gaba ɗaya ko ya bar shi gaba ɗaya, kuma tun 2024 X ya rubuta a dokokinsa cewa ya yarda da hotuna da bidiyon manya idan an yi musu alama. Telegram cike yake da tashoshi irin waɗannan. Ra'ayinmu shi ne ɗan ƙasa da shekara 16 ba shi da buƙatar ɗayansu a wayarsa. TikTok yana da "Family Pairing" da yake haɗa asusunka da na yaro, ka kunna "Restricted Mode", ka rufe saƙon sirri. YouTube ma yana da "Restricted Mode", ƙananan yara kuma YouTube Kids ya ishe su.

Duk waɗannan matatun sun fi jin Turanci. Littattafan batsa da ake rubutawa da Hausa ana rabawa a zaurukan WhatsApp, da waɗanda ake karantawa da murya, da masu tallan kayan mata da suke wuce gona da iri, mafi yawansu suna wucewa salin alin. Saƙon WhatsApp a rufe yake daga mai turawa zuwa mai karɓa, babu matatar da take leƙa shi. Abin da za ka iya shi ne rage hanyar shigowa. A "Privacy" sannan "Groups", zaɓi "My contacts" don kada baƙo ya jefa yaro a zaure. A "Storage and data", cire duk alamomin "Media auto-download", don kada hoto ko bidiyo ya sauka sai an taɓa shi. Wannan na biyun ya kamata manya ma su yi, domin da yawa abin da yaro ya gani a wayar mahaifinsa, mahaifin bai ma san ya sauka ba.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar data ko ta sisin kwabo: memori, Bluetooth, Xender, da shagunan tura finafinai na bakin kasuwa da tasha. Yawancin masu shagunan nan sana'arsu suke yi tsakani da Allah, amma a cikinsu akwai masu babban fayil na daban ga wanda ya san yadda ake tambaya. Cire memori daga ƙaramar wayar yaro. Idan za a sa masa karatu ko fim, babba ya je da kansa. Wayoyi kuma su kwana a caji a falo ko ɗakin uwa.

Gaya wa yaran abin da ka sa da dalilinsa. Wanda ya gano da kansa cewa an yi masa tarko a ɓoye, wayar aboki zai koma, inda ba ka da ido. Babba kuwa, matarka ce ko ƙaninka ko ɗanka da ya mallaki hankalinsa, ba a sa masa manhajar leƙen asiri a ɓoye. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin saƙonni da maganganun waya, addini ma ya hana bin diddigin asirin mutane.

Duba abin da ka toshe bisa kuskure

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne yake raba tarbiyya da danniya. Matata ba ta da hankali, kalmomi da jerin sunaye take bi. Lokacin da Cloudflare ta fito da tata a Afrilun 2020, ta toshe shafukan ilimin lafiyar jima'i bisa kuskure, sai da ta ba da haƙuri ta gyara. Bayan ka gama saiti, zauna ka bincika abubuwan da mutanen gidanka suke da haƙƙin sani: haila, wankan janaba, jinin biƙi, shayarwa, alamomin kansar mama, yoyon fitsari. Garin da yake da cibiyar kula da masu yoyon fitsari ta ƙasa a Babbar Ruga bai kamata 'ya'yansa mata su nemi bayanin ciwon su tarar da ƙofa a rufe ba. Ɗalibar aikin jinya ko ungozoma tana buƙatar hotunan sassan jiki, ɗalibin fiƙihu yana buƙatar babin tsarki da na aure. Idan sun toshu, a Family Link da iPhone akwai jerin shafukan da aka yarda da su, ƙara su a ciki. Matatun DNS da muka lissafa a sama ba su da wannan gurbi, sai dai ka sauya zuwa mai sassauci. Maimaita gwajin duk wata, musamman bayan waya ta sabunta kanta ko ta dawo daga wurin mai gyara.

Kuma kada ka yi amfani da makullin don toshe labarai ko malamin da ba ka ra'ayinsa. Ranar da yaro ya gane matatar ta zama ta son rai, ya daina yarda da ita har a kan batsar.

Idan hoton wani ya fita

Wani lokaci matsalar ba kallo ba ce, yaudara ce: an karɓi hoton yarinya ko saurayi, ana barazanar watsawa sai an biya. A Yulin 2024 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, ta ce ta goge asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda irin wannan. Kada a biya, domin wanda aka biya sau ɗaya dawowa yake. Kada a goge hirar. A ɗauki hoton saƙonnin barazanar, da sunan asusun, da lambar bankin da aka turo, sannan a toshe shi a kai rahoto. Wanda bai kai 18 ba akwai shafin Take It Down, wanda ya kai kuma akwai StopNCII.org. Dukansu suna ciro wata lamba ta musamman daga hoton a kan wayar mai shi, hoton bai bar wayar ba, su aika wa dandamalin da suke aiki da su irin su Facebook, Instagram da TikTok don su gane shi su hana ɗora shi. Sannan a kai ƙara ga 'yan sanda, waɗanda suke da cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta ƙasa a Abuja, ko ga NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane. Yaron da abin ya faɗa wa yana cikin firgici da kunya. Yi masa duka a ranar zai sa na gaba ya yi shiru har abin ya fi ƙarfinsa.

Kada ka tura bidiyon ga kowa, ko da niyyar faɗakarwa ce, ko don a kai wa Hisba ko mai unguwa. Nuna musu saƙonnin barazanar ya isa. Sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar da za ta kai naira miliyan 20 ga mai rarraba hoton batsa na wanda bai kai 18 ba, ajiye shi a waya kawai ma yana iya jawo shekara 5. Sashe na 24, ko bayan gyaran 2024 da ya rage faɗinsa, ya ci gaba da hukunta tura batsa. Shugaban zauren WhatsApp yana da ikon goge saƙon kowa daga wayar kowa. Ya yi hakan nan take, ya fitar da mai turawa.

Idan naka rubutun aka cire

Sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayi da karɓar bayani, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi da doka saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyyar jama'a ko lafiyarsu. Amma yawancin abin da ake cirewa kullum ba kotu ce take cirewa ba, na'urar kamfani ce da ba ta jin Hausa sosai, ko taron mutanen da suka haɗa baki suka kai rahoton ƙarya. Ma'aikatan lafiya masu bayanin shayarwa da malamai masu karantar da babin aure sun fi kowa faɗawa ciki.

Kada ka sake ɗora abin nan take, domin maimaitawa laifi na biyu ne a lissafinsu. Ɗauki hoton sanarwar, ka shiga "Account Status" a Facebook, Instagram ko TikTok, ka ga dokar da aka ce ka karya, ka nemi a sake dubawa. Inda aka ba da gurbin rubutu, yi bayani a jimla biyu ko uku: wane ne kai, me bidiyon yake koyarwa, da fassarar kalmar Hausar da kake zaton ita ta jawo. A YouTube karon farko galibi gargaɗi ne, laifi na gaba ya hana ka ɗora komai na mako guda, uku cikin kwana 90 kuma na iya rufe tashar, don haka kada ka bar ko ɗaya bai sami ɗaukaka ƙara ba idan kana da gaskiya. Idan Meta ta ƙi sauya hukuncinta, tana ba da lambar shari'ar da za ka kai wa kwamitinta mai zaman kansa, Oversight Board, cikin kwana 15, ko da yake kaɗan yake ɗauka daga ƙorafin da ake kai masa. Ajiye asalin kowane bidiyo da rubutu a memori ko kwamfuta kafin ka ɗora shi, tare da lambobin mutanen da suke bibiyar karatunka, don idan aka rufe asusun ka sami inda za ka ci gaba.